Yadda Za Ka Auna Ƙibarka a Gida, Ka San Haɗarinta, Ka Fara Rage Ta

Tambaya guda ce ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan, daga maza har mata: ta yaya mutum zai gane jikinsa ya wuce ƙima, in kuma ya gane, daga ina zai fara? Wasu sun ce an faɗa musu a asibiti su rage ƙiba, aka sallame su ba tare da an ce ga yadda ake yi ba. Wasu gwiwa ce ta fara ba su wahala wajen tashi daga sujada. Wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi tun haihuwarta ta uku ba ta sake shiga kayanta na da ba, kuma kowa sai yaba mata yake yi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan magana kam ido yana yaudararmu, domin mun taso muna ganin teɓa alamar hutu ce, ga babbar riga da hijabi suna rufa wa tumbi asiri shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma mu ma muna ciki. Don haka awo za mu yi. Ga yadda ake binsa daki-daki.

1. Tanadi kayan awo

Abu huɗu kake buƙata: sikeli, tef ɗin awo irin na tela, igiya ko zare mai kauri, da ƙaramin littafi da biro. Tef ɗin tela bai kai kuɗin kwanon abinci ba, kuma gida da yawa akwai shi a cikin kayan ɗinki. Sikeli ne mai ɗan tsada, amma ba dole sai ka saya ba. Akwai shi a asibitin sha-ka-tafi na unguwa da manyan kemis, akwai kuma yaran da ke yawo da shi a kasuwa da tasha suna auna mutane a kan 'yan canji. In gidan yawa ne, ku haɗa kuɗi ku sayi guda, zai yi muku shekaru.

Gargaɗi: ka tsaya a kan sikeli ɗaya. Na kasuwa da na asibiti suna iya saɓawa da kilo biyu ko uku, sai ka ɗauka ka ragu ko ka ƙaru alhali ma'aunin ne ya canza.

2. Auna nauyi da tsayi

A auna nauyi da safe, bayan an zaga, kafin a karya kumallo, da kaya marasa nauyi, babu takalmi. A ajiye sikelin a kan siminti ko tayil. A kan darduma ko tabarma ko turɓaya ba ya faɗin gaskiya. Ka rubuta lambar da kwanan wata.

Tsayi kuwa sai da ɗan taimako. Ka cire hula da takalmi, mace ta kwance ɗankwali ta kwantar da gashi, ka jingina da bango dugaduganka na taɓa shi, kana kallon gaba. Wani ya ɗora littafi a kwance a tsakiyar kanka, ya yi alama a bango, sannan a auna daga ƙasa zuwa alamar da santimita. Kada ka yi amfani da tsayin da ke jikin katin shaidarka ko wanda ka daɗe kana faɗa da ka. Mutane da yawa suna ƙara wa kansu santimita uku ko huɗu ba da sani ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi na gaba.

3. Yi lissafin nauyi a kan tsayi

Wannan shi ne lissafin da likitoci ke kira BMI. Ka mayar da tsayinka mita, ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito. Misali, mai tsayin santimita 170 da nauyin kilo 85: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, kilo 85 a raba da 2.89 ya ba da 29.4. Mace mai tsayin santimita 160 da kilo 80: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, sakamakonta 31.3. Kalkuletar wayarka ta isa.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta, 40 kuwa mai tsanani ce. Sai dai akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, wato NICE, ta saukar da waɗannan iyakoki ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya: 23 a maimakon 25, 27.5 a maimakon 30, saboda ciwon suga yana kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. Ni dai shawarata, in lissafinka ya haura 27, kada ka ce da sauranka.

Gargaɗi: wannan lissafi ba na yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba ne, su akwai jadawalinsu daban a asibiti. Ba na mai juna biyu ba ne. Haka ɗan dambe ko ɗan dako mai murɗaɗɗen jiki yana iya fitowa da lamba babba alhali tsoka ce ba kitse ba.

4. Auna ƙugu

In da za a ce in zaɓi awo ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Kitsen cinya da ɗuwawu yana da nauyi a kan gwiwa, amma kitsen cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji da hanta, shi ne ya fi ɓarna, domin shi ke hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata. Akwai siririn mutum mai ƙananan hannuwa da ƙafafu, BMI ɗinsa 24, amma tumbi ya yi gaba. Irin wannan yana cikin haɗari duk da sikeli ya wanke shi.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya a miƙe, ka ɗage riga. Ka laluba da yatsa ka samo ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa ta gefe, ka kuma samo saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar waɗannan biyun ake zagayawa da tef, galibi daidai cibiya ko ɗan sama da ita. Ka saki numfashi yadda ka saba, sannan a karanta. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba, kuma a duba ta baya kada ya karkace.

Namiji in ya haura santimita 94 haɗari ya fara, in ya haura 102 ya yi yawa. Mace 80 da 88. Ga masu lissafi da inci irin na teloli, na namiji kusan 37 da 40, na mace kusan 31 da rabi da 35.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, ba ta buƙatar karatu ko lamba. Ƙa'idar ita ce kewayen ƙugunka kada ya kai rabin tsayinka. Ka yanki igiya daidai tsayinka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. In bakin biyu suka haɗu har da ɗan saura, madalla. In ba su haɗu ba, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka.

Da wannan igiya na shawo kan yayana. Ɗan kasuwa ne, tun safe yana zaune a shago har magariba, shayi da burodi su same shi a nan, shinkafa ta same shi a nan. Duk sanda na yi masa maganar jikinsa sai ya ce, "Kai dai ƙanina, lafiyata ƙalau, haka Baba ma yake." Ranar nan a tsakar gida na ciro igiyar shanya na ce, "Yaya, don Allah tsaya in gwada wani abu." Da na ninka ta na zagaya, sai da ya rage kusan taƙi guda kafin ta haɗu. Ya karɓa ya gwada da kansa har sau biyu, ya yi shiru. Baban da yake faɗa kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekarunsa na ƙarshe, mu duka mun yi jinyarsa. Washegari da kansa ya ce in raka shi a auna masa jini.

Kurakurai biyu sun fi yawa a nan. Na farko, maza su faɗi lambar wandonsu, alhali a ƙarƙashin tumbi suke ɗaure shi. Na biyu, shanye ciki lokacin awo. Kanka kawai za ka ruɗa.

5. Tabbatar ƙiba ce, ba kumburi ko magani ba

Kafin ka fara rage abinci, ka danna ƙwaurinka da babban yatsa na 'yan daƙiƙu. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa nan da nan, ruwa ne ya taru, kuma yana iya zama daga zuciya ko ƙoda ko hanta. Haka in nauyi ya ƙaru da kilo da yawa cikin 'yan kwanaki, ko fuska tana kumbura da safe, ko ciki kaɗai ke girma sauran jiki na ramewa. Wannan aikin asibiti ne, kuma kada a jinkirta. Ƙibar da ta zo tare da yawan kasala, jin sanyi, bushewar fata da taurin bayan gida tana iya zama daga maƙoƙo, gwajin jini ke nunawa.

Sai kuma magunguna. Wasu na taɓin hankali da farfaɗiya, allurar insulin ta masu ciwon suga, da allurar tazarar haihuwa ga wasu mata suna ƙara nauyi. Kada ka daina su da kanka, ka gaya wa wanda ya rubuta maka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne sha-ka-fashe. Wata 'yar uwarmu ana saura wata biyu bikinta ƙawaye suka ce ta rame, ta je wani kemis aka ƙulla mata ƙwayoyi a leda ba ko suna. Irin waɗannan yawanci dexamethasone ne ko prednisolone, a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Ta yi ƙibar kuwa: fuska ta zama da'ira, wuya ya yi tozo, ciki ya fito da jajayen zane, ƙafafu suka tsaya sirara. Ba ta shekara a ɗakinta ba aka ce tana da suga da hawan jini.

Gargaɗi mai girma: wanda ya yi makonni yana shan irin wannan ƙwaya kada ya yanke ta rana ɗaya. Jiki ya riga ya dogara da ita, yankewar farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi mutum ya suma, har a rasa rai. A ɗauki ledar a kai wa likita, shi zai tsara yadda za a rage ta a hankali.

6. Je a duba abin da ƙibar ta riga ta taɓa

In igiya ba ta haɗu ba, ko lissafinka ya haura, gwaji biyu ne na farko, kuma suna cikin masu araha a gwaje-gwajen asibiti.

Na ɗaya, hawan jini. Ka zauna ka huta minti biyar kafin a auna, kada ka ci goro ko ka sha sigari ko kofi rabin awa kafin nan. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne, ko kana jin ciwon kai ko ba ka ji. Yawancin masu shi ba sa jin komai. Mai kaurin damtse ya nemi a sa masa babban maɗauri, domin ƙarami yana nuna lambar da ta fi ta gaskiya.

Na biyu, suga. A je da safe bayan awa takwas ba a ci komai ba, ruwa zalla ba ya ɓata gwajin. Daga 126 zuwa sama, in aka maimaita ya sake fitowa haka, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 mutum yana bakin ƙofa, kuma a nan ne rage ƙiba ya fi amfani. Wasu injinan da wani ma'auni suke ƙirga, a nasu 126 shi ne 7.0, don haka ka tambayi ma'aikacin wanne ne. In da hali a ƙara da gwajin kitsen jini da na ƙoda da hanta, sun fi tsada amma sau ɗaya a shekara ya wadatar ga yawancin mutane.

Ka kuma gaya wa likita in kana da ɗaya daga cikin waɗannan, ko bai tambaya ba. Minshari mai ƙarfi wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, sai mutum ya yi firgigit, da rana kuma gyangyaɗi ko a kan tuƙi. Matarka ko mijinki ne zai fi sanin wannan. Baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata wanda ba ya fita da wanka, iyaye kan yi ta dirzar yara a kai suna cewa dauɗa ce, alhali alama ce ta jiki ya fara gazawa da suga. Ciwon gwiwa da baya. Ga mata, rikicewar al'ada, gashi a haɓa da jinkirin samun ciki. Ƙiba tana kuma ƙara haɗarin suga da hawan jini a lokacin goyon ciki, da haihuwa ta hanyar tiyata, shi ya sa gyara kafin ɗaukar ciki ya fi. Can gaba akwai ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, kitse a hanta, da wasu nau'o'in ciwon daji, ciki har da na mahaifa, na hanji, da na mama bayan ɗaukewar al'ada.

7. Sa wa kanka buri mai yiwuwa

Ba a ce ka koma jikin samartaka ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ya isa ya sauko da suga da hawan jini ya sassauta wa gwiwa. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan cikin wata shida. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya bi mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kilo ɗaya shi ne iyaka. Mai juna biyu ba ta rage nauyi, mai shayarwa kuma ta rage zaƙi da soye-soye amma kada ta zauna da yunwa. Wanda ke shan maganin suga, musamman glibenclamide ko insulin, ya sanar da likitansa kafin ya rage abinci, don kada suga ya faɗi ƙasa.

8. Fara da abin sha

Mako biyu na farko kada ka canza komai a cin tuwonka. Abin da kake sha kawai za ka gyara, domin zaƙin da ke cikin ruwa ba ya ƙosarwa, wucewa yake yi ka sake neman abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Robar lemo guda ta santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Maltina da lemon kwali da ake kai wa marasa lafiya su ma haka suke, ka juya jikinsu ka karanta.

Namu na gida ma ba su tsira ba. Ka tsaya ka kalli yadda mai shayi ke zuba sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, ka kalli abin da ake juyewa a zoɓo da kunun aya da fura. Zoɓo da furar ba su da laifi, sukarin ne. Ka ce wa mai shayinka ya rage rabi, bayan mako ya sake rage rabi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ka zo ka kurɓi irin na da ka ji ya yi maka yawa. Zuma da mazarƙwaila su ma sukari ne a wajen jiki, musanya da su ba ragi ba ne.

9. Gyara kwano

Babu buƙatar sayen wani abincin Turawa mai tsada. Abin da ke kasuwarmu ya isa, tsarin zubawa ne zai canza. Ka raba farantinka a ido: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, kwata tuwo ko shinkafa ko taliya ko doya. Mun saba da akasin haka, tudun tuwo da 'yar miya a gefe. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, da miya mai yawa ta kuka ko kuɓewa ko taushe, ta isa cin dare. Kwaɗon zogale da na rama, fate mai yawan alayyafo da yakuwa, dambu mai ganye, alala, wake da 'yar shinkafa kaɗan, duk abinci ne masu riƙe ciki. Gero da dawa da acca da ba a cashe su fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa.

Mai shi ne ɓarawon da ba a gani. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kalori kusan 120, kuma uwar gida da ke tuttulawa daga galan ba ta san ko cokali nawa ta zuba ba. A koma aunawa da cokali. Wannan mataki ma rage kashe kuɗi yake yi, yadda mai ya yi tsada. Ƙosai, fanke, cincin, soyayyen dankali da doya su zama na wani lokaci. Tsire da balangu a zaɓi tsoka a bar kitse. Gishiri kuma kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, da na cikin dunƙule da na indomi duk a lissafin.

In a tire ɗaya kuke ci da iyali ko abokan kasuwa, da wuya ka san abin da ka ci. Ka ɗebi naka a ƙaramin kwano tukuna. Za a yi magana, wani ya ce rowa, wani ya ce ko ba ka da lafiya ne, surukarki ta ce an bar ɗanta da yunwa. Ku gaya musu gaskiya, likita ne ya ce. Ma'aunin da Manzon Allah (SAW) ya ba mu ma ai shi ne kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don ruwa, ɗaya don numfashi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙi karyawa a ƙi cin rana, sannan ƙarfe goma na dare a zauna wa indomi uku da ƙwai da lemo. Gara ka ci sau uku daidai gwargwado, na dare ya zama mafi ƙanƙanta, kuma da wuri.

10. Motsa jiki

Minti 150 a mako shi ne mafi ƙaranci, wato rabin awa kwana biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Ana iya raba ta minti goma-goma. Bayan sallar asuba ya fi daɗi, musamman lokacin bazara. Ka sauka daga adaidaita kafin ka iso, ka taka sauran. Masallacin Juma'a in ba nisa a je a ƙasa. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida bayan ta gama aikin safe, in da kishiya ko maƙwabciya a yi tare don kada a gaji a bari. Kwana biyu a mako a ƙara da abin da ke ƙarfafa tsoka, kamar zama da tashi daga kujera sau goma-goma ko tura bango da hannu.

Gargaɗi: mai nauyi sosai kada ya fara da gudu ko tsallen igiya, gwiwa za ta tafi. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ka tsaya ka nemi asibiti. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Ɗamarar roba da shiga leda don a yi gumi ba sa narkar da kitse, ruwan jiki suke fitarwa.

11. Barci da azumi

Awa bakwai na barci. Mai kwana a kan waya yana tashi da kwaɗayin zaƙi.

Azumin Ramadan dama ce, amma da yawa suna fita daga cikinsa da ƙarin kilo saboda buɗa-baki: kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, sannan tuwo. A buɗe da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi sallah, sannan a ci kwano ɗaya irin wanda aka bayyana a sama. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani.

12. Sake awo, da batun magani

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ƙugu sau ɗaya a wata. Awon kullum yana karya gwiwa, domin nauyi yana hawa da sauka da kilo guda saboda ruwa da gishiri, ga mata kuma lokacin al'ada. Wani watan sikeli zai tsaya cak amma igiya ta matso, wannan ma ci gaba ne. Yayana a wata na biyu kilo ɗaya kawai ya sauke, amma sai da tela ya rage masa ƙugun wando.

Shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook da TikTok da jarkokin da ake cewa suna narkar da tumbi cikin mako, yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa. Ruwa ke fita, ƙoda ta wahala, kitse yana nan. An kuma sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kaya, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga bakinka, mai lambar ma ba shaida ba ce cewa yana rage ƙiba.

Akwai magunguna na gaskiya, kamar allurar semaglutide da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. Suna aiki, amma suna da tsada ƙwarai, suna sa tashin zuciya da amai ga wasu, ba a ba mai ciki, kuma nauyi yakan dawo in an daina. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu, don haka kada a saya a hannun 'yan talla a intanet. Tiyatar rage tumbin abinci kuwa ta masu ƙiba mai tsanani ce, bayan ƙwararru sun tantance.

In BMI ɗinka ya kai 35, ko ya kai 30 tare da suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi a barci, ko ka yi wata shida kana bin waɗannan matakai igiya ba ta matso ba, ka nemi a tura ka sashen masu ciwon suga ko wajen masanin abinci a babban asibiti. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da su. Ka tafi da littafin awonka, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, ka kuma rubuta abin da ka ci da abin da ka sha na kwana uku kafin ranar ganin likita.